Na Bakwai a Takardar Tassie

Litinin, 17 ga Afrilu

Kogi shiru. Ƙanƙarar da ta rufe shi tun hunturu ko alamar laushi ba ta yi ba. Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan ni nake duba wa garin nan kogi lokacin da ƙanƙara za ta tafi. In na ce a hau tudu a hau, in na ce a zauna a zauna, kuma ban taɓa jiƙa wa kowa ko safa ba.

Yau Orville mai gari ya aiko na je zauren taro. Wai wata mata ta zo daga birni ta yi sati biyu tana koya wa yaran makaranta shirin ko-ta-kwana. Su takwas. An raba musu riguna masu ruwan lemo, da oba-oba, da wani ɗan jirgi mai kyamara mai kukan sauro. Shugabarsu Tassie, jikar ƙanwata marigayiya, shekararta goma sha bakwai. Ni na koya mata ɗana tarkon zomo da hannuna. Orville ya ce ni ne zan zama mai ba su shawara, yana faɗa yana kallon takalminsa. Na ce to, na shanye shayinsu na fito.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Sun huda ƙanƙara da inji a kwanar kogi, can ƙasa da gari. Kauri ƙafa huɗu da rabi. Da sun tambaye ni da na faɗa musu ina zaune, ba a ƙona fetur ba.

Asabar, 22 ga Afrilu

Sun manna takarda a ƙofar zaure. Na je duba saƙon gidan waya na tarar mutane sun taru suna karantawa, da suka gan ni sai kowa ya tuna yana da aiki a gida.

Sunayen waɗanda za a ɗauka ne. Wato tsofaffi da marasa ƙarfi da ba za su iya kai kansu tudu ba, kowane suna da sunan yaron da zai zo ya kwashe shi. Madeline ce ta farko, yayar matata Bertina mai rasuwa, shekara tamanin da huɗu, idanu sun tafi. Na bi da yatsa ina cewa to wannan haka ne, wannan ma. Sai na bakwai. Linus, ciwon gwiwa. A gefe an rubuta Dewey, ɗan Lucy, yaron da har yanzu uwarsa ke yanka masa nama.

Ni za a goya.

Kuma a saman takardar, da manyan baƙaƙe, ta rubuta sunan abin. Abin da kogi yake yi in ya bar gadonsa ya shigo gidaje. Mu ba ma kiran sunansa tun kafin ya zo, kogi yana ji, kuma ba ya son a yi masa shaidar abin da bai yi ba. Hutlani ne, abin da al'adarmu ta hana, yaron goye ma ya sani. Ko a littafin nan ba zan rubuta ba.

Laraba, 26 ga Afrilu

Taron gari. Zaure ya cika, don an ce za a ci miyar naman dawa bayan an tashi.

Tassie ta tsaya gaba da takardunta. Ta ce ƙanƙarar bana ta fi ta kowace shekara kauri, dusar ƙanƙarar da ke kan duwatsu ta yi yawa, in zafi ya zo lokaci guda ta sama za ta taho ta tarar da ta kwana ba ta motsa ba, ta toshe, ruwa ya dawo mana. Ba ƙarya a ciki, ban ce akwai ba. Amma sau uku tana kiran sunan abin da bakinta, a gaban tsofaffi. Na ga mata suna sunkuyar da kai. Na bar ta ta gama tsaf, har ta ce ko akwai mai tambaya.

Ban ma tashi tsaye ba. Na ce, «'Yar nan, ubanki ma haka yake da baki. A nan zauren ya ce ya san kogin nan kamar tafin hannunsa. Kwana tara muka yi muna jan ƙugiya kafin mu same shi, ni na ɗaga kansa daga ruwa. Shi kaɗai ya kira wa kansa. Ke kuma gari guda kike kira wa.»

Wani a baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Ta tsaya tana kallona, ta ninke takardun gida huɗu, ta koma ta zauna kusa da ƙofa. Ba ta yi kuka ba, na so ta yi.

Na ci miya kwano biyu. Gaskiya na ji daɗi, kuma ba zan ce ban ji ba.

Asabar, 29 ga Afrilu

Na kai wa Madeline busasshen kifi. Tana zaune bakin murhu tana lalube a ɗinkin takalmin da ta fara tun bara. Ta ce ta ji wai an rubuta ta. Na ce an rubuta ta, ita ce ma a sama, ta fi kowa daraja. Ta ajiye allura ta ce a zamaninsu ba a rubuta sunan mai rai don abin da bai faru ba, sai ka ce ana auna masa akwati.

Ta ce, «Linus, in yaran nan suka zo ba zan buɗe ba. Sai na ji muryarka. Kai ka ce in fito, in fito.»

Na ce haka ya kamata, Yaya. Na dawo gida ina fito da baki.

Talata, 2 ga Mayu

Iyayen uku sun janye 'ya'yansu. Saura biyar. A kanti an ce Tassie na shiga mata suka yi shiru har ta fita.

Laraba, 3 ga Mayu

Sun yi gwaji yau. Suna saɓa buhunan abincin karnuka suna gudu da su zuwa makaranta a kan tudu, kowane buhu wai tsoho ne. Na zauna a ƙofa ina kallo. Dewey ya wuce da nasa yana haki, na tambaye shi wanne ne ni. Ya ce wannan ne, Kaka. Na ce ya kula, na ga kaina yana jan ƙasa. Ya tsaya ya gyara buhun da gaske, wawan yaro.

Juma'a, 5 ga Mayu

Tassie ta zo da kanta. Ta ƙwanƙwasa, abin da ba ta taɓa yi a gidan nan ba. Ta kawo farfesun agwagwa a tukunyar kakarta, na gane tukunyar da hannunta ɗaya da ya karye.

Ta ce ba don raini ta sa ni a takarda ba, ta ga yadda nake hawan matakalar coci ne, ina tsayawa a ta uku ina yi kamar ina duba sama. Ta ce a gafarce ta kan kiran sunan abin, a horon an ce musu a faɗa ƙarara don kowa ya gane. Sai ta roƙe ni in bi ta kwanar kogi in duba da idona, wai injinta kauri kawai yake faɗa, ni nake sanin ko ƙanƙara ta ruɓe a ciki.

Wato yanzu ta san da ni. Na karɓi tukunyar, na fita bayan gida tana biye da ni, na juye wa karnuka. Na wanke na miƙa mata. Ta ce na gode, Kaka, ta tafi.

Farfesun ya yi ƙanshi, sai da na yi da-na-sanin ban ɗiba ba tukuna.

Lahadi, 7 ga Mayu

Zafi ya sauko lokaci guda. Mutane da riga ɗaya. Ruwa na gangarowa daga kowane kwari, tsuntsayen dinya sun cika sama.

Bayan coci mun je gaɓa mun yi wa ƙanƙara magana kamar kullum, ta tafi a hankali, ta wuce mu lafiya. Ni na jagoranta. Yaran sun tsaya can nesa da rigunansu, ba wanda ya ce su matso.

Talata, 9 ga Mayu

Na je kwanar kogi ni kaɗai da sassafe. Ba don ta ce ba, kowace shekara ina zuwa. Na sara da gatari wuri uku. Baƙa ce, tauri kamar ta tsakiyar hunturu, gatari yana tsalle. Kuma ta zauna daram a kan yashin tsakiya.

Na jima a tsaye.

Da rana na kwashe karnukana goma sha ɗaya na kai su tudun filin jirgi na ɗaure. Laka ta yi yawa a filinsu, ƙafafunsu na ruɓewa, shi ke nan. Na ja jirgin ruwa sama tunda dai na fito da babur. Akwatin hotunan Bertina ma na ɗora a kan rufin rumbun kifi, daman ɓeraye sun dame shi.

Laraba, 10 ga Mayu

Garin da ke sama da mu sun yi magana a oba-oba da hantsi, ƙanƙararsu ta tafi, tana tahowa da yawa. Nan da nan Tassie ta hau layi, tana roƙon kowa ya tattara ya koma makaranta tun yau, su za su taimaka da kaya. Wannan karon ba ta kira sunan ba. Na lura.

Sai muryar Orville, gari duka na ji, ya ce Linus me ka gani.

Ina riƙe da abin a hannu. In na ce a hau, maganarta na maimaita. Gobe a ce yarinya ta gani tun Afrilu, tsoho sai da ya je ya taɓa. A ce daman ai na bakwai ne a takarda.

Na ce a zauna, kogi ya san hanyarsa.

Na ji dai Tassie ta danna ta saki. Wataƙila ma ƙanƙarar ta wuce lafiya, na ga shekarun da ta yi haka.

Alhamis, 11 ga Mayu

Abin ya zo.

Asabar, 13 ga Mayu

Muna makaranta, mutum ɗari da sittin a ɗakin wasan ƙwallo. Ina rubutu a kan gwiwa.

Wajen sha ɗaya na safe ne. Ƙanƙarar sama ta iso ta daki ta kwana, aka ji ƙara kamar ana rushe gidaje, sai ta tsaya cak. Ruwa ya fara dawowa. Kafin in sa takalmi ya hau matakalata ta biyu, kafin in sami hula yana cikin ɗaki. Guntayen ƙanƙara manya kamar ɗakin girki suna yawo a titin coci, ɗaya ya ɗauke rumbun Lucy ya tafi da shi.

Manya duk suka rikice, masu neman bindiga, masu neman talabijin. Yaran nan biyar kuwa kowa ya nufi inda takarda ta ce. Ban ji sun yi gardama ko sau ɗaya ba.

Na fito zan tafi da ƙafata. A ruwan sanyin nan gwiwa ta ƙi, ta ƙi ƙememe, na tsaya rungume da turken ƙofa. Sai ga Dewey. Ya juya ya durƙusa. Na hau.

Ina bayansa oba-oba ta aljihuna ta yi magana. Tassie ce, daga ƙofar Madeline, ana jin ruwa a muryarta. Ta ce, «Kaka, ta sa sakata, ta ce sai ta ji ka. Don Allah ka ce mata ta buɗe. Kaka, kana ji?»

Ina ji. Duk wanda ke da oba-oba a garin nan yana ji. Na ciro, na danna, na saki. Na sake dannawa na saki. Hannuna ya sandare da sanyi, wannan gaskiya ne, kowa ya san yadda ruwan yake. Dewey ya ce Kaka yi magana mana. Na ce ya kalli gabansa. Ko da na ce Yaya ki buɗe, sun riga sun fasa taga.

Sun same ta tsaye a kan kujera, ruwa har ƙirji, tana riƙe da tata oba-oba sama da kai kada ta jiƙe. Tassie da wata yarinya suka fito da ita ta taga a kan ƙyauren ɗaki. An ce kusan rabin awa ta yi a ciki. Jiya jirgi mai saukar ungulu ya tafi da ita birni.

Ba wanda ya mutu. Karnukan gari da ke ɗaure a ƙasa duk sun tafi, sama da hamsin. Nawa suna nan.

Lahadi, 14 ga Mayu

Toshewar ta ɓalle, ruwa ya janye. Laka har taga.

Na zaci za a zo mini. Na shirya abin da zan ce. Sai ga shi ba wanda ya zo, sai ma shayi da ake kawo mini. Magana ta juya tun jiya a wajen mata: Linus ya faɗi daidai, kogi wucewa zai yi, yarinyar nan ce ta yi ta kiransa har ya juyo. Sau uku a zaure, ga kuma rubutu a ƙofa. Waɗanda ta goya da bayanta ma suna cikin masu faɗa.

Ba ni na fara ba. Ban kuma hana ba.

Tana kwana a ƙarshen ɗaki, wajen kwandon ƙwallo, tafin hannunta ɗaure da tsumma inda gilashi ya yanke ta. An bar fili tsakaninta da kowa.

Alhamis, 18 ga Mayu

Madeline ta rasu a asibitin birni. Huhu.

Litinin, 22 ga Mayu

Mun binne ta a tudu kusa da Bertina. Maza sun yi akwatin da katakon da ya tsira, mata sun ɗinka mata sababbin takalma. Ni aka ce in yi magana a bakin kabari, na yi, an ce ta yi kyau.

A wajen cin abinci Tassie ta shiga layin masu rabo kamar sauran 'yan mata, da kwanon shinkafa. Lorraine, 'yar Madeline, ta tashi ta karɓe kwanon daga hannunta ta kai waje ta zubar. Ta dawo ta ce mata, ba da ƙarfi ba, «Ke kika rubuta ta a farko. To ga shi ta riga kowa. Sai ki duba wa ke na biyu.»

Tassie ta juyo ta kalle ni. Ni kaɗai, daga can ƙarshen zaure. Ina gaba a kujerar manya, an ba ni farantin farko da kan kifi. Na ci gaba da cire ƙaya.

Lorraine ta zo daga baya ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce uwarta har ta fita hayyacinta sunana take kira, wai Linus bai ce ba tukuna. Ta faɗa mini ne don in ji daɗi.

Asabar, 27 ga Mayu

Orville ya rushe ƙungiyar. Matar birni ta bugo tana tambaya, ya ce mata yaranmu ba su kai ba tukuna. Rigunan suna cikin kwali a ofis. Ya kawo mini babbar oba-oba har gida, ya ce daga yau magana ɗaya ce a kan kogi, tawa.

Abin da nake so ke nan. Na ajiye ta a kan firjin da ya mutu.

Alhamis, 1 ga Yuni

Kwashe laka. Dewey ya zo da shebur ba wanda ya aiko shi, ya yi awa uku, ya ƙi shayi. Ko sau ɗaya bai kalli fuskata ba. Shi ya ji ina dannawa ina saki, a kunnensa nake.

Abinci ba ya shiga. Tsufa ne.

Asabar, 3 ga Yuni

Tassie ta tafi yau, wajen ƙanwar uwarta a birni. An ce can za ta ƙarasa makaranta. Na je filin jirgi ne don duba karnuka, har yanzu suna can, ban san jirgin safe za ta bi ba. To, na sani.

Uwarta ce kawai ta rako ta, sai Dewey. Jaka ɗaya. Da ta gan ni ta taho, ta gaishe ni yadda ake gaida kaka, ta shafa kan Baƙi, babban karena, ya san ta tun yana ɗan kwikwiyo.

Ta ce, «Ranar Talatar nan ina kwanar kogi, ta ɗaya gefen, ina tashin ɗan jirgina. Na ga ka sara wuri uku. Da rana na ga ka kawo karnukanka nan.»

Na ce laka ce.

Ta gyaɗa kai. Ta ce abin ya ɗauki hoton, amma ta goge shi tun muna makaranta. Na tambaye ta don me. Ta ce, «Badi ma ƙanƙara za ta tafi, Kaka. Ni ba za su ji ni ba. In suka daina jin ka, ba su da kowa.»

Matuƙi ya kira, ta ɗauki jaka. Ko sauka lafiya ban ce mata ba. Na tsaya har ƙarar jirgin ta ɓace, na ba karnuka ruwa, duk da akwai ruwa a gabansu.

Ba laka ba ce. Filinsu a bushe yake ranar, na duba.

A hanyar dawowa na biya ta ofis, ba wani dalili, hanya ce. Akwai taron gari ran Litinin kan gyaran gidaje. Na ce wa Orville ya sa sunana cikin masu magana. Ya tambaye ni a kan me, na ce a kan karnuka. Ban san ko zan je ba.